Sunan Da Inna Zubaidatu Ba Ta Faɗa

Kafin rana ta ɗaga a Jidda, Inna Zubaidatu ta riga ta kulle ɗakinta a unguwar Sa'alaba, ta tsaya bakin titi tana jiran motar da za ta kawo ta Waziriyya. Shekara goma sha shida ke nan ina jin ƙwanƙwasarta a ƙofarmu, sau uku, a hankali. Ba ta yin sallama daga waje, sai an buɗe an ga fuskarta. Ta wanke hannu, ta ɗora shayi, ta leƙa ɗakin 'yata Sajida. Ni kuma in suri abaya in tafi asibitin da nake aikin ba da magani, hankalina kwance, don na san wa na bar wa gida.

Umra ce ta kawo ta daga Birnin Kudu, shekara talatin da 'yan kai, ta zauna. Ta yi wankau, ta yi tallar ƙosai a Bab Makka, ta yi reno a gidajen Larabawa kafin Allah ya haɗa ta da kafili, mai tsaya mata, ta sami iƙama, wato takardar izinin zama. Na taɓa gani da idona, wani Balarabe mai gemu, Badr, ya tsayar da motarsa tsakiyar kasuwa ana ta yi masa oda, ya fito ya sumbaci goshinta. Ita ta goya shi. Da ya tafi ta ce da ni, "Wannan da kike gani, sai da ya shekara biyar yana tsoron akuya."

Inna, ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba, bayanki ya goya Balarabe ya goya Bahaushe. Amma gaskiya ɗaya ce, na daɗe ina yi miki dariya a ɓoye, kuma yau zan tona kaina.

Dokokin Inna ne suka dame ni. Ba a zubar da ruwan zafi sai da bisimilla. Ba a kiran yaro da ƙarfi a fili. Babbar cikinsu kuwa, wadda take nanata wa Sajida kullum tana yi mata kitso, ita ce: "Kiran da ba ki ga mai shi ba, kar ki amsa, kar ki bi. Ki zauna inda kike." Ga shi kuma ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba, ko sau ɗaya. Sai "ke", sai "'yar Dakta". Na san dalili sama-sama, cewa sunan 'yarta ta fari ne, kuma matan garinsu ba sa ambaton ɗan fari. Akwai wani suna na daban da ta laƙaba mata, amma a kunne take raɗa shi, ni kaina ban taɓa ji ba. Na sha ce mata, "Inna, a Jidda muke, zamani ya wuce nan." Sai ta ce, "Halas, shi ke nan, Dakta," ta ci gaba da abinta.

Shekarar da Sajida ta cika tara, mahaifinta ya matsa sai mun yi hutun sanyi a Sifaniya, a wani ƙauyen duwatsu na arewacin ƙasar inda ake wasan zamiya kan dusar ƙanƙara. Muka nema wa Inna biza muka tafi da ita. Ta saka zani uku a ƙarƙashin rigar sanyi, ta tsaya bakin tagar masauki tana kallon mutane a kujerun da ke rataye jikin waya.

"Dakta, mutanen nan sun rasa aikin yi ne? Su hau dutse don su gangaro, su sake hawa?"

Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce wurin ya cika shiru, ba tsuntsu, ba kiran salla, ko ƙuda babu. Ta ce wurin da ƙuda ya ƙi zama, akwai masu shi. Rana ta biyu na iske ta ta juya wa tagar baya tana jan carbi, abincinta ya huce a gabanta.

Rana ta uku, bayan azahar, muna saman dutse ni da Sajida da babanta, Inna tana masauki, hazo ya sauko. Ban taɓa ganin irinsa ba. Cikin minti kaɗan sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, fari fat, ka miƙa hannu ka rasa yatsunka. Na lallaɓa na gangaro ina zaton Sajida tana tare da babanta, shi kuma ya gangaro yana zaton tana tare da ni. Muka haɗu a gindin dutse muna kallon juna. Laifin namu ne mu biyu, ba na kowa ba.

Aka tsayar da kujerun waya. Masu aikin ceto suka ce akwai wani kwazazzabo mai zurfi a hagun hanyar da muka biyo, kuma yaro a cikin hazo yakan bi duk sautin da ya ji. Na fita hayyacina. Na tsaya ina ƙwala kira, Sajida, Sajida, har muryata ta dushe. Dutsen yana maido min da sunan ta nan, ta can, wani lokaci ta bayana, wani lokaci a makare, bayan na daɗe da rufe baki.

Sai na ji tafin hannu mai sanyi ya toshe min baki. Inna ce, ta fito daga masauki da silifas da safa.

"Dakta, ki daina jefa sunanta cikin hazo. Ba ki san mai tsinta ba."

Matar da ke tsoron matakalar lantarki ta filin jirgi, ita ce ta kama rigar shugaban masu ceto ta ƙi saki, tana cewa "Yalla, yalla", wato mu je, tana nuna sama. Ba ya jin Larabci, ba ta jin yarensa. Ya dube ta, ya dubi silifas ɗin, ya ɗora ta a bayan babur ɗinsu na ƙanƙara. Hazo ya haɗiye su.

Abin da ya faru a sama, mutumin ne ya gaya wa maigidana daga baya. Ya ce duk bayan 'yar tafiya sai tsohuwar ta dafa kafaɗarsa ya kashe inji. Ta sauka, ta durƙusa, ta faɗi wata kalma guda, ba da ƙarfi ba, kamar mai tashin jariri daga barci. Ya ce a ransa aikin banza ne, wa zai ji wannan? A tsayawa ta huɗu wata 'yar murya ta amsa.

Sun sami Sajida zaune jikin wani turken katako, ta rungume gwiwa, ta toshe kunne ɗaya da safar hannu. Ya haska fitila ya ga sawunta: ya bar hanya ya nufi hagu, taku kamar goma, sannan ya juyo ya dawo turken. Daga inda sawun ya tsaya zuwa bakin kwazazzabon, ya ce bai kai tsawon mota biyu ba.

Da ta ji ɗumi ta sha shayi, Sajida ta ba mu labari da Hausarta mai gauraye da Larabci.

"Wallahi ya Mama, muryar Inna ce. Daga can hagu. Ta ce, ta'ali, Sajida, zo. Na tashi na fara tafiya. Ba'den, daga baya, na tuna Inna ba ta ce min Sajida. Sai na koma na zauna. Ta yi ta kira, har ta fara fushi."

Babanta ya ce amsa-kuwwa ce, muryata ce dutse ya karkatar ta fito ta hagu. Wataƙila haka ne. Na yi shekara bakwai ina juya maganar, kuma ban san wanne ya fi ban tsoro ba: a ce wani abu ne ya ari muryar Inna, ko a ce ni uwarta ce na kusa janyo ta ramin da bakina. Abin da na sani, a lokacin da ake wancan kiran, Inna tana masauki bakinta a rufe.

Washegari da hantsi, hazo ya washe, dutsen yana ta ƙyalli kamar bai yi komai ba. Na sami Inna a wajen na'urar ɗumama ɗaki tana gasa yatsun ƙafarta da sanyi ya ci. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Sai ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba.

"Tawa 'yar tana da shekara bakwai. Da rana tsaka suna wasa a bayan gari, ƙawayenta suka ce ta tsaya cak ta ce na'am, ta ce Inna na kirana. Ta ruga wajen tsohuwar rijiya, a ciki aka tsamo gawarta. Ni ina gida ina daka. Ban kira ta ba, ban taɓa faɗin sunanta ba tun da na haife ta." Ta shafa ƙafarta. "Amma ban gaya mata ba, Dakta. Ban taɓa zaunar da ita na ce, in kin ji sunanki da muryata, ba ni ba ce. Shi ya sa na gaya wa taki."

Na yi kuka a ranar, kuka na kunya da na godiya a haɗe.

Inna, ke ce kika mai da rashinki garkuwa ga 'yar wata. Yatsu biyu na ƙafarki ba su sake jin zafi ko sanyi ba tun daga ranar, ba ki taɓa yi min gori ba. Wata mai kamawa za ki koma Birnin Kudu, gwiwa ta gaji, ido ya rage. Ba takardar yabo, ba taron ban kwana da lasifika, don ma ba kya son a ɗaga suna a fili. To ni dai na ɗaga naki, ki yafe min. Na gode, Allah ya saka miki da Aljanna, ya haɗa ki da taki a can.

Ku kuma da kuke da irin su Inna a gidajenku, a Jidda ko a gida Najeriya, in sun kafa wata doka da ta yi muku kama da ƙauyanci, ku tambayi inda suka samo ta kafin ku yi dariya. Masu reno kuma ku yi koyi da ita: abin da kuka sani, ku zaunar da yaro ku gaya masa, kar ku bari sai ya gano da kansa.

Jiya da ta gama haɗa kayanta, ta ja ni gefe, ta kai bakinta kunnena, ta raɗa min sunan nan da take kiran Sajida da shi. Shekara goma sha shida ina gida ɗaya da shi ban sani ba.

"Na bar miki shi amana," in ji ta. "Kar ki kira ta da shi don aike ko cin abinci. Ki ajiye sai ranar da ta ɓace miki."

Don haka ku yi haƙuri, masu karatu, ba zan rubuta shi a nan ba. Yana bakina, kuma roƙona ga Allah shi ne in mutu ban faɗe shi ba.