Katakon Suruki: Ta'aziyyar Malam Yero na Dala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran aminina Malam Yero na unguwar Dala, sa'ad da barandar benensa ta rufto da shi. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, ban musa ba. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma ni na san naka, Yero.

Tun muna samari muke tare a Kasuwar Kurmi, kai kana sayar da fata, ni kayan yaji. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, rumfarka ka rufe ka zauna a tawa, ka koma gida kana atishawar barkono, kana yi mini tsiya wai sana'ata ba ta mutane ba ce. Ba ka taɓa yi wa kowa gorin alheri ba. Aibinka ɗaya, kunya, irin ta kakanninka Fulani, wadda ta fi ƙarfin hankalinka.

Da gwiwa ta hana ka hawa dutsen Dala shan iska, sai ka ce za ka fitar da baranda a gaban ɗakinka na sama. Mun daɗe muna juya maganar itacen da za a yi ta da shi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, tana da nauyi, ba ta da kyan gani, samunta ma wahala, amma gara ba ta taɓa ta. Katakon zamani mai magani kuwa sumul yake, yana kuma daɗewa, muddin maganin ya ratsa shi har ciki. Ka zaɓi azara, ka riƙa tara ta a zaure da kaɗan-kaɗan.

Sai Abdulhakeem, mijin 'yarka ta fari Nana Hauwa, ya ji labari. Yaron kirki ne, wallahi, neman albarka yake. Ya aiko da katako mota guda, kore shar, an rantse masa cewa mai magani ne. Kafinta ya sa zarto a gabanmu, sai ga ciki fari fat. Launi kawai aka shafa a sama.

Na ce, "Yero, a mayar da kayan nan."

Ka ce, "Haba Ɗalha, da wane bakin? 'Yar da ko sunanta ba na iya kira, mijinta zan ce wa an cuce shi? Kyautar suruki ba a duba haƙorinta."

Na yi faɗa, na yi magiya, ka toshe kunne. Ka hana kafinta magana, ka sa ya yi barandar da katakon. Azarar kuma da ita ka rufa wa Iya Larai, tsohuwar maƙwabciyarka marar kowa, ɗakinta da ruwa ya rusa. Ɗakin nan yana nan tsaye daram, kai kana kabari.

Ba a daɗe ba garin itace ya fara zubowa tsakar gida. Ka san gara ce. Ka sa kwaɗo a ƙofar barandar, ka ce wa jikoki rina ta yi gida a wurin. Amma duk ranar da Abdulhakeem zai zo gaisuwa, sai ka buɗe, ka shimfiɗa buzu ka zauna a kai, don ya ga ana morar kyautarsa. Shi kuma yana tsugune a ƙasa, kai a sunkuye, ba ya hawa benen suruki balle ya ga halin da katakon yake ciki. Ranar Talata ma saboda shi ka hau. A gaban idonsa ka faɗo.

Raina a ɓace yake, Yero, ba zan ɓoye ba. Ina fushi da azzalumin da ya shafa launi ya kira shi magani. Allah ya isa tsakaninmu da shi. Ina fushi da kai ma. Wace irin kunya ce wannan, da za ta mayar da matarka Hajiya Ma'u mai takaba?

A zaman makoki Abdulhakeem yana kuka yake cewa bai gane abin da ya faru ba, ai irin katakon nan ne a barandar gidansa ta Ƙofar Dawanau, inda yaransa suke wasa kullum. 'Yan uwanka duk sun san gaskiya, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kunyar dai ce za ta sake cin wasu.

To, ni ba surukina ba ne. Na kama hannunsa na kai shi wurin ɓaraguzan, na dunƙule katako guda a tafina ya zama gari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba Ɗalha, shi Baba ya sani?"

Na ce, "Ya sani, tun ranar da aka sauke shi."

Irin kukan da yaron nan ya yi, ba na fatan in sake ji. Amma kafin magariba ya sa an ɓaɓɓalle barandar gidansa.

Allah ya jiƙanka, Yero, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Hajiya Ma'u da Nana Hauwa da sauran zuriya haƙurin rashinka, ya sanyaya zuciyar Abdulhakeem, wanda bai yi niyyar komai ba sai alheri. Abin da ka ba da ranka don ka rufe, ni na tona shi, kuma ba zan nemi afuwarka ba. Jikokinka suna raye.