Taswirar Baƙin Ruwa a Cikin Jan Ruwa

Mun tashi da asuba daga bakin kogin Gaya, ni da kawuna da babban ɗansa, wato taubashina, a jirgin katako da aka shaƙe da buhunan shinkafa. Tunuga muka nufa. Ni kaɗai ne baƙo a kan ruwa, amma ni ne mai ɗaga kai, domin a aljihuna akwai aikin wata huɗu.

Bari in faɗa muku aikin. Wata tsohuwar taswirar kogi ce ta takarda, tun ta zamanin Turawa, mai nuna zurfi da duwatsu. Na ɗauke ta hoto na sa a ordinatar, wato kwamfuta, na daidaita kusurwoyinta da wuraren da ba sa motsi, sannan na yanyanka ta ƙanana kamar karo na daɓen ɗaki, na loda a portabul, wayata ta hannu. Ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, ɗigon shuɗi zai nuna maka inda jirginka yake.

Ba don ado na yi ba. Yanar ido ce ta rufe wa kawu gani, likita ya ce a kai shi Doso a yi masa aiki, shi kuwa ya kafe. Wai in ya kwanta, wa zai ratsa da jirgi tsakanin duwatsun da ke gaban wani tsibiri na kan hanya? Taubashina ya iya inji, amma hanyar tana cikin kan tsoho. Kullum ido yana ƙara tafiya, kullum kawu yana gaban jirgi da gorarsa.

Muka wuce ƙarƙashin gada, kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, sun yi layi a sama suna jiran duwan, masu karɓar kuɗin fito, su sallame su zuwa Malanbil da ke ƙetare. Mata na wanki, masunta na jan taru. Ɗigona yana tafiya daidai, ina nuna wa taubashi yana taɓe baki, yana cewa ashe ’yan lakwal masu boko ma suna da rana.

Da hantsi muka tunkari tsibirin. Taswira ta ce hagu, zurfi ya isa. Na ce hagu da ƙarfina. Kawu ya tsoma gora, ya karkata kai yana sauraron ruwa, ya ɗaga hannu a rage wuta. Kafin a rage, gindin jirgi ya goga yashi har buhu biyu suka zame.

Kawu bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: “Ɗan ƙanwata, taswirar taka a wane ruwa aka zana ta, ja ko baƙi?”

An haife ni a Gaya, na san kogi yana cika sau biyu: jan ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke zuwa daga nesa lokacin sanyi. Amma ko sau ɗaya ban tambayi takardar ba. Ashe masu awon da suka zana ta sun yi aikinsu a baƙin ruwa, mu kuwa muna wutsiyar ja, bayan ya kwashe yashi ya jibge a bakin hanyar hagu. Taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma kunya ta ishe ni.

Muka bi dama. Daga nan na rufe bakina na buɗe kunne. Duk inda kawu ya kira suna, in danna alama: Dutsen Kada, Maƙogwaro, Yashin Amarya da ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Ya faɗi inda gora ke nutsewa duka, da inda take tsayawa a rabi. Wuraren nan babu ko ɗaya a takardar Turawa.

A Tunuga aka sauke shinkafa, aka loda albasa. Muka ci kopto, wato kwaɗon ganye, da gari da soyayyen kifi, wanda arharsa ta sa na ji haushin masu kifin Gaya. Su suka kishingiɗa gindin mangwaro, ni na buɗe ordinatar a kan cinya, ina addu’a kar batir ya ci amanata. Na zana hanyar kawu a kan tsohuwar taswira, na sake yanka karo, na loda shimfiɗa ta biyu. Yanzu portabul tana da ruwa biyu, ka zaɓi wanda kake ciki.

Bayan azahar muka juyo. Kawu ya ajiye gora, abin da ban taɓa gani ba, ya juya wa hanya baya ya zauna a kan buhun albasa. Ya ce ba zai ce uffan ba. Taubashi ya kama inji, idonsa a kan ɗigo, gumi na zuba duk da iskar kogi. Muka shiga Maƙogwaro, ruwa na tafasa dama da hagu. Na ga leɓen kawu yana motsi, yana ƙirga duwatsunsa a zuci. Muka fita ko gogawa babu.

Na yi alfahari, ba zan ɓoye ba, har na kasa zama. Amma tafiyar ta nuna mini iyakata: ni yanka na iya da lodi, kogin kuwa sai an tambayi wanda ya tsufa a kansa, kuma kowace shekara sai an sake tambaya.

Da la’asar sakaliya muka ɗaure jirgi a Gaya. Kawu ya miƙa hannu na sa masa portabul, ya shafa gilashinta da babban yatsa, ko da yake ba abin da yake gani. Ya miƙa wa ɗansa, ya ce, “To, ku nemo mota. Gobe ku kai ni Doso.”