Jan Kallabin Mma Adijatu

Duk unguwar Sakasaka an san Mma Adijatu da faɗa, ni kuwa da muke katanga ɗaya na fi kowa shan sa. Tun da mijinta ya rasu ta mayar da tsakar gidanta wurin rainon yaran 'yan kasuwa. Uwa ta ajiye ɗanta da safe, ta ɗauka da la'asar. Mata biyu ke taya ta, Zuhuratu da Maltiti. In ka tambayi wa ke kula da wane, sai ta harare ka ta ce, "Ɗa na kowa ne."

A Tamale famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ranar da ya kawo, ko sallah kake sai ka gajarta. Rannan wata ta yi ihu daga waje, "Paipu ya zo!" Su ukun suka zabura da bokitai suna cika duro, kowacce ta ɗauka 'yar'uwarta na tare da yara. Aka bar babban baho cike a bayan ɗaki, babu murfi.

A cikinsa aka sami gawar Irfan, ɗan Asmawu mai tallar nono, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Uwarsa ta dawo da ƙwaryarta a ka, ta tarar da mutane cike da ƙofa. Wallahi har yau ba na son tuna kukanta.

Mutane suka ce ƙaddara ce. Adijatu ta ce haka ne, amma ƙaddara ba ita ta bar baho a buɗe ba. Ta sa wa kowane duro murfi da kwaɗo. Ta kuma samo jan kallabi: wadda ta ɗaura shi, aikinta kallon yara kawai, ko gobara ake yi. In za ta tashi, sai ta ɗaura wa wata da hannunta, ta kira mata sunan kowane yaro. Muka yi ta tsokanarta da cewa ihu ne bayan hari. Yanzu gidajen raino har na unguwar Gumbihini sun kwaikwaya.

Ita dai abu ɗaya take jira, Asmawu ta sake yarda da ita. Kullum tana leƙen hanya.

Bara Asmawu ta shigo, goye da jaririyarta Laila. Ta zaga gidan. Ta ja kwaɗon duro, ya ƙi buɗuwa. Ta daɗe tana kallon jan kallabin da ke kan Adijatu. Tsohuwar ta miƙa hannu biyu don ta karɓi jaririyar.

"Na gani, Mma," in ji Asmawu. "Ya yi kyau. Yaran mutane sun yi sa'a."

Ta ƙara ɗaure goyonta, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.