Buhun da Baba Ayuba Ya Ƙi Ƙonawa

Har gobe ban manta safiyar Larabar da ƙunshin ƙosai ya kusa rufe asibiti a hannuna ba.

Lokacin ina ƙaramar lauya a ofishinmu na Samaru, shekarata biyu da fara aiki. An damƙa mini fayil ɗin wani ƙaramin asibitin haihuwa a unguwar Muchia, na Madam Ngozi, ungozomar da ta yi ritaya daga aikin gwamnati. Aikina in tabbatar lasisinta da na ma'aikatanta suna kan ƙa'ida kafin masu duba asibitoci su zo sabunta mata rajista. Saura mako guda su zo.

Kusa da asibitin na tsaya na sayi ƙosai, don ni da yunwa ba ma ga maciji. Ina cikin ci sai idona ya faɗa kan takardar da aka ƙunso shi a ciki. Sunan wata mata ne, da unguwarsu, da sakamakon gwajin jininta, ga hatimin Madam Ngozi ya sha mai. Nan take ƙosan ya fita raina. Ga wanda bai sani ba, bayanin mara lafiya amana ce a doka. Ko mutum ɗaya ya kai ƙara, lasisi na iya tafiya.

Da na nuna wa Madam, sai ta ɗora hannu a ka. "Barista, na shiga uku! Ai Baba Ayuba na ce ya ƙona tsofaffin takardun nan!"

Baba Ayuba mai gadi bai ko musa ba. "Ranki ya daɗe, takarda mai kyau haka a cinna mata wuta? Ai ɓarna ce. Na ba Mama Saraya buhu guda."

Muka ɗunguma wurin Mama Saraya mai ƙosai. Na gyara baƙar kwat ɗina, na shiga zuba mata doka, rabi Hausa rabi Turanci. Ta bar ni har na gaji don kaina, sannan ta jawo wata leda daga ƙarƙashin benci.

"'Yata, ni ma fa na yi firamare. Duk takardar da na ga sunan da na sani, nan nake ɓoye ta. Har 'yan cocinmu akwai, amma bakina ƙanin ƙafata."

Kunya ta kama ni, wallahi. Na sauke murya na ce, "To waɗanda ba ki sani ba fa, Mama?"

"Ai su ba 'yan nan ba ne."

"Maƙwabtansu ma suna biyowa ta nan su sayi ƙosai."

Ta kwashe ƙosan da ke cikin kasko. Sai ta miƙe ta ciccibo buhun da kanta, ta dire a gaban Baba Ayuba. "Kai ka jawo, kai za ka ɗauka."

Ranar muka ƙona shi, har da takardun cikin ledar, a gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu. Na shawarci Madam mu rubuta wa masu dubawa abin da ya faru da kanmu, kafin su ji a bakin wani. Ta yi ta zufa, amma ta yarda. Gargaɗi suka ba ta a rubuce, suka sabunta rajistar. Mama Saraya kuwa ta gaje tsofaffin jaridun ofishinmu kaf.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Kowa ya iya rufa wa nasa asiri, ba sai lauya ya koya masa ba. Mu aikinmu shi ne mu tsaya wa matar da babu wanda ya san ta a wurin.