Karfasar Hajiya

Na yi shekaru a Madina, kwanaki da yawa sun shige ban riƙe komai a cikinsu ba, amma ranar Alhamis ɗin da muka je kamun kifi da maigidana, ita kam ko tsufa ya cinye sauran ba na jin za ta fita daga raina. Har yau in na tuna ta, takaici ne yake fara taso mini kafin dariya ta biyo baya.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Malam, wato maigidan nawa, yana karatu a jami'a, muna haya a saman gidan wata dattijuwa a Ranuna, kusa da Kuba. Hajiya muke ce mata. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga bakin Tafkin Chadi, suka zo aikin hajji suka zauna, 'ya'yanta da jikokinta duk a nan aka haife su. Ita ta tsaya a kaina sa'ad da na haifi 'yata ta fari, lokacin da ba ni da kowa a garin.

A shekarar ta kwanta asibiti, da aka sallamo ta kuma abinci ya ƙi shiga. A kawo shinkafa ta kau da kai, a kawo shurba ta ce a ajiye. Likita ya ce in ba ta ci ba sai a mayar da ita a sa mata ruwa, ita kuma ta rantse ba ta komawa. Ana haka wata rana ta ce karfasa take marmari, ta ruwan daɗi, wadda aka kamo yau. Babban ɗanta, mai aiki a wani otal kusa da Harami, ya kawo kifin teku daga Yanbu ta ce na gishiri ne. Ya kawo na kasuwa ta sunsuna ta ce ƙanƙara take ji. Da ƙyar ya samo labarin wani abokin aikinsa mai gona a wajen gari, tafiyar awa guda, inda akwai tafki da aka taɓa zuba bulɗi, wato karfasa a bakin Larabawa, aka manta da shi. Ruwan saman da aka yi ya cika shi, kuma akwai ɗan jirgin ƙarfe a wurin.

Malam na jin haka ya ce a bar masa komai. Shi fa ɗan cikin birnin Kano ne, ruwan da ya sani bai wuce na buta ba. Mutumin kirki ne, sai dai a wurinsa duk abin da ake yi a duniya an riga an rubuta shi a wani littafi. Ya aro wata mujalla da aka fassara zuwa Larabci, mai hoton wani kifi mai ɗigo-ɗigo na tafkunan Amurka, ya kwana uku yana karantawa da alƙalami a hannu. Ya sayo sanduna masu ƙarfen naɗe zare, da wasu 'yan kifayen roba ja da kore.

Ni kuwa 'yar masunta ce daga Yawuri. Babana bai samu ɗa namiji ba sai da na kai shekara goma sha biyu, saboda haka ni nake zama a bayan jirginsa. Amma da aka kai ni Kano, dangin miji suka riƙa tsokanata suna toshe hanci wai ƙarni suke ji, sai na rufe maganar ruf. Malam ya san sana'ar babana, bai taɓa tambayata abin da na iya ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Ana gobe za a tafi na ce masa a hankali, a irin wannan lokacin karfasa gefe take fitowa. Ya ɗago daga mujallar ya ce, “Wannan ba kogin Yawuri ba ne, tafki ne. Tafki yana da ilminsa.” Na bar maganar na ci gaba da haɗa kayan tafiya. Yanzu na san tun daga nan na fara cutar kaina.

Mun isa da hantsi, mu huɗu: ni da Malam, da ɗan Hajiya da matarsa. Lokacin da Larabawa ke kira rabi'i ne, sanyi ya tafi zafi bai kankama ba, 'yar ciyawa ta fito tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ruwan ya haura har ya shanye rabin itatuwan ƙaya da ke gefe. Ina tsayawa a bakin ruwan na gan su, ramuka zagayayyu a cikin yashi kamar an dangwala ƙwarya, a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Gidan karfasa ke nan. In ruwa ya fara ɗumi haka take haƙa su ta yi ƙwai. Na nuna wa Malam, ya leƙa ya ce wataƙila sawun raƙumi ne.

Suka shiga jirgi, mu mata muka shimfiɗa tabarma da shayi. Abin da idona ya gani ba daɗi. Kowannensu ya riƙe filafili ɗaya yana ja da iya ƙarfinsa, jirgi yana ta juyawa wuri guda kamar dutsen niƙa. Ɗan Hajiya yana faɗin “yalla, yalla”, Malam yana yi masa bayani da Larabcin littafi. Kusan awa guda suka yi kafin su kai tsakiya. Akwai bulo da aka ɗaura wa igiya don tsayar da jirgi. Malam ya ɗaga shi, ya yi bisimilla ya jefa, muna kallo igiyar ta bi shi har ƙarshenta, domin ba wanda ya ɗaure ɗaya bakin a jikin jirgin. Daga nan iska ta riƙa yawo da su. Har azahar ba su kama ko ƙwaro ba.

Da suka fito salla, ɗan Hajiya ya zube a inuwa, jiri na ɗibarsa. Ya ce, “Halas, ni ta'aban. Wallahi ma fi kifi a ruwan nan.” Wato ya gaji, kuma babu kifi a ruwan. Mai gadin gonar kuma ya zo ya ce da an yi la'asar zai kulle ƙofa, zai shiga gari. A nan ne matar ɗan Hajiya ta raɗa mini cewa da safen nan tsohuwar ta tashi zaune da kanta, karo na farko tun dawowarta, ta sa an ɗauko mata tsohuwar tukunyarta an wanke. Na hango mu muna shiga gidan da bokiti wayam.

Malam ya ce zai koma shi kaɗai, mutumin da bai iya iyo ba. Na tashi na tattare abayata na ɗaure a ƙugu, na ce ni zan tuƙa shi. Ya dube ni kamar na ce zan tuƙa jirgin sama. Ban tsaya bayani ba, na ajiye filafili ɗaya, na durƙusa a baya da ɗayan, na tura. Jirgin da ya wuni yana juyi ya miƙe sak. Na ɗauka wannan kaɗai ya isa ya sa ya tambaye ni inda za mu. Ina! Ya gyara zama ya nuna tsakiyar tafki da yatsa.

Wata awar muka sake ɓatawa a can. Ya wurga kifin robarsa, ƙugiya ta kama mayafina. Ya sake wurgawa, zare ya harɗe, ya zauna yana warwarewa yana ba ni labarin falalar haƙuri. Rana ta karkata, ina jin gumi yana bin bayana, ina hango itatuwan ƙayar can gefe inda ruwa yake ɗan motsi. Sau biyu na ce mu gwada gefe, sau biyu ya ce in bari ya gama abin da aka tsara. Sai ya buɗe mujallar a kan gwiwarsa ya fara karanta mini da ƙarfi, wai kifi a ruwa mai zurfi yake taruwa, can ƙasa inda sanyi bai kai ba.

Na ce, “Wane sanyi, Malam? Babin wane lokaci kake karantawa?”

Ya koma saman shafin. Babin hunturu ne. Ya buɗe shafi na gaba, ga babin rabi'i, har da zanen jirgi a gefen tafki kusa da itatuwan da ruwa ya ci. Ya karanta a ransa, leɓɓansa na motsi, sannan ya ɗago fuskarsa fal murna ya ce, “Subhanallahi, ashe marubucin ma ya yarda da ke.”

Duk wahalar ranar ba abin da ya ƙona mini rai kamar wannan maganar. Wato sai da wani Bature da bai san da zamana a duniya ba ya sa hannu, sannan maganata ta zama magana. Na ajiye filafilin na faɗa masa abin da ban faɗa ba a shekara shida. Na ce kafin in iya karanta Fatiha na iya cire ƙugiya daga bakin kifi, na ce da wannan aikin aka ciyar da ni aka yi mini kayan ɗakin da yake kwana a kai, kuma daga yanzu har mu fita daga ruwan nan ni ce malama. Ya rufe mujallar ya zauna a kanta.

Na kai mu gefe a hankali, ba tare da filafili ya bugi jirgi ba, na ɗaure a reshen ƙaya ta yadda inuwarmu ba za ta faɗa kan ramukan ba. Na yanke kifayen robar, na ɗaura ƙananan ƙugiyoyin da suka zo tare da sandunan, na jiƙa guntun gurasar tamis da ta rage daga karin kumallo na murza ta zama ƙullu. Na ce masa sharaɗi ɗaya ne, ba magana. Wanda ya san Malam ya san wannan ya fi tuƙin wuya. Ban kai ga gyara zama ba na ji zaren ya ɗan girgiza a yatsana, irin girgizar da na yi shekaru ban ji ba. Na fizga, sai ga ta tana walƙiya, faɗinta ya kai tafin hannu biyu.

Kafin kiran la'asar mun kama tara. Biyu na Malam ne, kuma ta farkon da ta faɗo kan ƙafarsa tana tsalle, miƙewa ya yi tsaye, saura kaɗan ya kifar da mu. Wasu biyun na buɗe bakinsu na ga ƙwai cike, domin a baki uwar take renon su, na mayar da su ruwa kamar yadda babana yake yi. Malam ya buɗe baki zai yi gardama, na dube shi, ya fasa.

A gida ni na gyara kifin, na tsaga shi, na dafa a tukunyar Hajiya da daddawa da albasa da ɗan tsamiya. Bayan magariba aka kai mata. Ta ci ɗaya, ta tsotse kan tas, ta miƙa hannu ga ta biyu. Ɗanta ya fita waje don kada a ga idonsa. Malam kuwa daga bakin ƙofa ya fara bayanin yadda “muka” gano inda kifin yake, har da batun ɗumin ruwa. Hajiya ba ta saurare shi ba. Ta juya kifin a kwano tana duban tsagar da na yi masa, sannan ta ɗago ta dube ni.

“Wannan yankan 'yar masunta ne. Ke 'yar wane ruwa ce?”

Na ce Kwara, wajen Yawuri. Sai ta hau ni da faɗa, da irin Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce shekara huɗu ina zaune a saman kanta, ita tana nan ƙasa ba ta da wanda za ta yi wa zancen ruwa da jirgi ya gane, 'ya'yanta in ta fara sai su ce “ɗayyib, ya ummi”, wato “to, Inna”, su tashi. Ta ce me na ɓoye, sata babana yake yi?

Hajiya ta warware, ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma yawancin yammacin shekarun nan biyu a ɗakinta na yi su, ita tana kawo sunan kifi na Chadi, ni ina kawo na Kwara. Malam har gobe in ya ba da labarin “mun kama” yake cewa, na gaji da gyara masa. Na daɗe ina ɗora masa laifin ranar gaba ɗaya, kuma yana da kasonsa babba. Amma da na girma na gane ni ma na taya shi, domin ni na ɗauki abin da na iya na binne don kada a yi mini dariya, har ya kusa hana mara lafiya cin abinci. Tun daga ranar, in na san abu, tun ana bakin ruwa nake faɗa, da muryar da za a ji, kuma duk wanda ya tambaye ni ko 'yar waye, sana'ar babana nake fara gaya masa.