Keken da Ke Bakin Taga

Kullum ita ke fara isowa. Ta buɗe shago, ta share ƙyallayen jiya, sannan ta bi kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga musu mai. Na bakin taga ne na ƙarshe, kuma ta fi daɗewa a kansa, alhali shekara bakwai ke nan ba wanda ya taka shi. Yaya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni ne mai guga a shagonta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye almakashi, ido ya ƙi.

Shekarar da makarantun da muke ɗinka wa kayan ɗalibai suka janye aikinsu, yau shekara bakwai, mu takwas ne, aikin da ya rage kuwa bai wuce na mutum biyar ba. Wata uku tana cijewa, har injin wuta ta sayar. Da abin ya gagara, sai ta riƙa kiranmu ɗai-ɗai bayan labule. Tambaya guda ta yi wa kowa: "In an bar nan, ina za a nufa ran Litinin?"

Auta, ƙanwarta ciki ɗaya, wadda duk cikinmu ba mai hannunta, dariya ta yi. "Haba Yaya, ni? Kafin in kai bakin titi an ɗauke ni."

"Na sani," in ji Yaya. "Shi ya sa."

Ni da aka zo kaina, ƙasa na duba. Na tsufa, ga nawa wajen aiki, riga biyu na taɓa ƙona mata. Masu amsa su ta sallama. Mu da muka rasa ta cewa, ta riƙe mu.

Na daɗe ina juya abin nan. Adalci ne a kori mutum saboda ya iya? Har yau ban warware ba. Na dai san 'ya'yana sun ci abinci da hukuncin nan, ita kuma ya raba ta da 'yar'uwa. Auta ta buɗe nata shagon, ta yi suna, amma ko a gidan mahaifiyarsu suka haɗu, gaisuwar baƙi take yi mata. Da aka riƙa cewa hassada ce ta sa Yaya ta kore ta, ina ji na yi shiru, don tsoron kada a tambaya wa aka bari a madadinta.

Yaya, ke ce kika ɗauki baƙin jini don mu tsira da mutuncinmu. Na gode, ko da yake godiyar ta makara. Duk mai riƙe da abincin wasu, in rana irin wannan ta zo masa, ya tambayi ina za su nufa kafin ya nuna ƙofa.

Auta, in wannan ya iso gare ki: jiya na ji Yaya tana gaya wa wanda zai karɓi shagon, "Komai naka ne, ban da na bakin taga. Yana da mai shi."