Sarkin Ruwa Mijinyawa da Shafi na Sha Bakwai

Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1986, ina ofis a Boɗinga da hantsi, Sodangi ya yi sallama ya ce mahaifinsa, Sarkin Ruwa Mijinyawa na tafkin Gangare da ke gabas da Lambara, ya rasu bayan sallar asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na jawo aljihun tebur na ɗauko wani ɗan littafi mai koren bango na sa a aljihu, muka kama hanya.

Baba Sarki, ka san littafin. Shi ne jagoran masunta da aka buga a 1981, lokacin da gwamnatin farar hula ke ta buga takardu ana rabawa kyauta. An jera tafkuna da rafukan yankinmu a ciki, da irin kifin kowanne, da watan da ya kamata a shiga su. Ni na kawo maka shi a kan babur, ina saurayi ma'aikacin sashen kifi, ina ji da kaina ƙwarai. Ba ka karatun boko, amma ba ka raina takardar ba. Ka shimfiɗa mini tabarma a gindin giginya ka ce in karanta maka tun daga farko. Inda aka hana zuba guba a ruwa, ka ce gaskiya ne. Inda aka hana taru mai ƙananan idanu, ka sa na maimaita don mutanenka su ji. Da muka zo shafi na sha bakwai, inda aka rubuta cewa tafkin Gangare yakan ƙafe ƙaf a watan Maris, don haka a kwashe kifinsa duka kafin lokacin, sai ka yi murmushi ka ce, "Malamin kihi, wanda yar rubuta wanga, ya taɓa jiƙa wandonai cikin ruwan nan?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi. Ni na rubuta shafin. Na zo tafkin sau ɗaya da rani, na tsaya a baki da takalmina, na zura sanda inda hannuna ya kai, na koma na cika takarda.

Abin da ban sani ba shi ne akwai gurbi a tsakiyar tafkin, rami mai zurfi da bai taɓa ƙafewa ba tun zamanin kakanninka. Idan ruwa ya ja, manyan tarwaɗa da karfasa can suke taruwa, su ne iyayen kifin baɗi. Al'adar gidanku ita ce a yi su, wato kamun kifi na gayya, ko'ina, amma homa ba ta shiga gurbin. Kowace shekara kai da kanka kake kafa sanduna huɗu ka kewaye shi.

Sai damina ta ƙi a 1984. Gero ya ƙone a tsaye, albasar fadama ba ta yi ba, kayan masarufi sai an bi layi. Da rani ya shigo mutane suna cin abin da a da ba sa kallo. A watan Fabrairu na 1985 magidanta suka taru a ƙofar mai gari suka ce a buɗe gurbin. Hujjarsu littafina ce: tunda takardar hukuma ta ce ruwan zai ƙafe, me ya sa za a bar kifi ya ruɓe a laka yara suna kwana da yunwa? Aka kira ni in karanta shafin a gaban jama'a, na kuwa karanta shi da babbar murya. Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ba ka yi faɗa ba. Yunwar da ke gidajensu tana gidanka. Na san matarka Inna Kaltume ta sayar da akuyarta ta ƙarshe a makon. Ka cire rawaninka ka ajiye a gaban mai gari, ka ce, "Ranka shi daɗe, a riƙe min wanga. A kama kihi ko'ina bayan sanduna. In gurbin nan ya ƙahe kahin ruwan sama, a naɗa ma wani." Sarautar da ta yi shekara fiye da ɗari a gidanku ka ajiye a ƙasa, saboda kifin da ba kai kaɗai za ka ci ba.

Wata uku ka yi da hula kawai. An yi maka habaici a kasuwa, wasu sun daina gaishe ka. Duk rana kana bakin tafki, kuma abin da homarka ta kamo a waje da sanduna sai ka fara aikawa gidajen masu zaginka. Maris ya wuce, Afrilu ya wuce, gefen tafkin ya tsattsage, amma gurbin yana nan. Da ruwa ya sauka kifin ya bazu ya hayayyafa. Tafkuna biyu na makwabta, inda aka bi irin wannan shawara aka kwashe komai, sai kwaɗi. Da kaka na ga mutanensu da idona sun zo da tuluna a kan jakuna suna roƙon irin kifi, kana ɗebar musu ba ka karɓi ko kwabo ba.

Ranar da aka mayar maka da rawani na same ka kai kaɗai na ce, "Baba, ni na rubuta shafin nan." Ka ce, "Na sani tun ran da kak karanta min. Muryarka ta sake." Ka san haka ranar taron ƙofar mai gari, lokacin da kalma ɗaya daga bakinka za ta juya fushin mutane kaina, ta raba ni da aikina. Ka gwammace ka cire rawani. Abin da ka nema a wurina ɗaya ne, in gyara takardar, domin a cewarka akwai gaskiya da yawa a cikinta, kuma za ta daɗe a duniya fiye da kai.

Na gyara, Baba. Na bi tafkunan ɗaya bayan ɗaya, ko'ina na nemi masu ruwan na zauna a tabarmarsu. Ina da tabbacin bugu na biyu abin dogaro ne, domin babu shafin da na rubuta a tsaye daga baki. Baƙin cikina shi ne bai fito ba ka tafi.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kaltume, da 'ya'yanka Sodangi da Bawa da Atika, da dukan masuntan ƙasar Shagari da Boɗinga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na roƙi Sodangi ya raka ni tafkin. Na cire takalmi na shiga har inda sandunanka suke. Tsakiyar watan Maris ne, kuma ruwan ya kai mini wuya.